Furen da Ke Shan Ruwan Teku da Ƙudan da Ke Jiran Sa



Duk manomin da ya taɓa ganin farin gishiri ya feso a saman ƙasar gonarsa ya san abin da zai biyo baya. Shuka za ta tsaya cak, bakin ganyenta ya ƙone, ta yi yaushi kamar wadda ta kwana bakwai ba ban-ruwa, alhali ga ruwa nan kwance a gindinta. Dalili kuwa shi ne gishiri yana jan ruwa zuwa inda yake. Idan ya fi yawa a ƙasa, maimakon saiwa ta sha, sai ƙasa ta riƙa tsotse ruwan jikin saiwar. Shuka ta mutu da ƙishirwa a tsakiyar ruwa.

To, ruwan teku fa? A kowace lita ɗaya akwai gishiri kimanin giram 35. Ka ɗebi wannan ruwa ka ba tumatir ko wake, ka gama da su. Amma akwai wata ciyawa da ruwan teku ke shanye ta har wuya, ya janye, ya sake dawowa, kuma duk da haka ta yi ganye shar, ta yi fure, har ta ciyar da baƙi. Ita ce za mu tattauna a kanta yau, ita da wani ɗan ƙaramin ƙuda da ya ɗora rayuwarsa kacokan a kanta.

Masana tsirrai suna kiran ta Tripolium pannonicum. A da, tun shekarar 1753 da masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya sa mata suna, Aster tripolium ake ce mata. Kalmar aster a harshen Girka tauraro take nufi, saboda siffar furen: tsakiya rawaya, kewaye da siraran ganyayen fure masu launin shunayya mai haske, sun bazu kamar hasken tauraro. Mutanen Holan suna ce mata zulte. Mu a wannan shiri, don sauƙin magana, bari mu kira ta tauraruwar gishiri. Kuma kada mai sauraro ya ɗauka baƙuwa ce ta kowace fuska, domin dangi ɗaya suke da shuwakar da muke miya da ita, da latas ɗin da ake yanka mana a kan shinkafa. Wanda ya taɓa tsayawa ya dubi furen shuwaka da kyau ya ga ba fure ɗaya ba ne, tarin ƙananan furanni ne a cure wuri guda. Haka nata yake.

Tsayinta yakan kai daga gwiwa zuwa ƙugu, wani lokaci ta kusa mita ɗaya. Ganyenta dogo ne siriri, mai kauri, mai ruwa a ciki. Ba ta daɗewa a duniya: shekara biyu, ko ta ɗan haura, ta zubar da iri ta tafi.

Gidanta kuwa shi ne abin da zan kira fadamar gishiri. A gaɓar tekun Ingila, da Holan, da Jamus, da Denmak, da Faransa, akwai shimfiɗaɗɗun wurare na laka inda koguna ke haɗuwa da teku. A can teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya. Idan wata ya tsaya ko ya cika, cikowar takan fi ƙarfi, ruwa ya hauro har inda bai saba zuwa ba. Laka tana taruwa kaɗan-kaɗan, tsirrai na farko su kama, su riƙe wata lakar, ƙasa ta ɗan tashi, wasu tsirran su biyo baya. Tauraruwar gishiri ta fi son tsakiyar wannan fili da bakin ƙananan magudanan da ke ratsa shi, inda ruwan teku ke ziyarta amma ba ya kwana. Wuri ne mai taɓo, mai wari, mai sauro. Ba a gini a kansa, ba a noma shi. Shekaru aru-aru Turawa suna kallon sa a matsayin ƙasar banza wadda ke jiran mai ƙarfin da zai tare ruwa ya mai da ita gona.

Yaya take yi da gishirin? Ba ta da wata hanya ta tofar da shi ta ganye kamar yadda wasu maƙwabtanta na fadamar ke yi. Dabararta ta fi kama da ta mai gidan da aka kawo wa baƙon da ba zai iya kora ba, sai ya ware masa ɗaki can gefe. A cikin kowace ƙwayar halitta ta ganyenta akwai wata 'yar jaka ta ruwa. Nan take tura gishirin, nesa da inda ake aikin rayuwa. Sai kuma ta ƙara tara ruwa a ganyen don ta surka shi, shi ya sa ganyen ke da kauri. Wannan gishirin da ta adana shi ne kuma ke ba ta ƙarfin jan ruwa daga ƙasa mai gishiri, wato abin da ke kashe wasu shi ta mayar guga. Idan gishiri ya yi yawa, takan ɗan tsuke ƙananan ƙofofin numfashi da ke jikin ganyenta, don ruwa ya rage fita, gishiri kuma ya rage hauhawa daga saiwa. In tsohon ganye ya cika maƙil, sai ta sake shi ya bushe ya faɗi da kayansa. A cikin saiwarta kuma akwai ramukan iska, domin laka mai jiƙe ba ta da iskar shaƙa.

Duk da haka kada a ɗauka son gishirin take yi. In ka shuka ta a lambu da ruwan daɗi za ta yi kyau abinta. Irinta ma ya fi tsirowa idan ruwan sama ya sauka ya ɗan wanke gishirin saman laka. Abin da ya kai ta fadamar shi ne a ƙasa mai daɗi manyan ciyayi suna danne ta, su tare mata rana. A fadamar gishiri kuwa abokan gasa kaɗan ne. Ta zaɓi wahala da sarari a kan daɗi da cunkoso.

Kuma ba bakin teku kaɗai take ba. Sunan nan pannonicum ya fito ne daga Panoniya, tsohon sunan yankin da ƙasar Hangari take a yau, ƙasar da ba ta da teku ko taku ɗaya. A can akwai filayen kiwo masu kanwa da gishiri, irin na Hortobágy, da kuma kewayen tafkin Neusiedl da ke kan iyakar Ostiriya da Hangari. Tana nan. A Jamus ana samun ta kusa da maɓuɓɓugan ruwan gishiri da gindin tsibin sharar da masu haƙar gishirin taki suka tara. Irinta yana da farin gashi kamar audugar rimi, iska ta ɗauke shi ta yi nisa da shi, ruwa ma yana ɗaukar sa. Duk inda gishiri ya kori sauran tsirrai, ba a daɗewa sai ka gan ta.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa na kawo maganarta. Lokacin furenta.

A arewacin Turai yawancin furanni suna yin nasu ne daga watan Afrilu zuwa Yuli. Kafin ƙarshen Agusta an yanke ciyawa, an girbe alkama, filaye sun yi fayau. Sanyi na tafe, ƙwari kuma suna buƙatar guzuri. A daidai wannan lokaci tauraruwar gishiri ke buɗewa, daga Yuli har cikin Oktoba, ta fi cika a Agusta da Satumba. Inda take da yawa, fadamar gaba ɗaya takan koma shunayya har iyakar ganin ido. Furen nata kuma buɗaɗɗe ne, ba zurfi, don haka mai dogon baki da mai gajere duk suna samun rabonsu. Ƙudan zuma na zuwa. Manyan ƙudajen nan masu gashi da ruri na zuwa. Malam-buɗe-littafi iri-iri na sauka, har da masu shirin doguwar tafiya zuwa kudu kafin hunturu. Akwai wata tsutsa da furen da irin ne abincinta. Idan fure ya wuce, ƙananan tsuntsayen da ke yin hunturu a gaɓa su zo su ci irin. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka ba a san darajar fure ba sai sauran sun bushe.

Amma duk waɗannan baƙi ne masu wata mafita. Akwai guda ɗaya da kusan ba shi da ita.

Sunansa Colletes halophilus. Kalma ta biyun ma'anarta masoyin gishiri. Bari mu kira shi ƙudan gishiri. Wani masanin ƙwari ɗan Holan mai suna Verhoeff ne ya fara bayyana shi ya sa masa suna a shekarar 1944; kafin nan ana haɗa shi da wani ɗan'uwansa da suke kama ƙwarai. Girmansa bai wuce na ƙudan zuman da muka sani ba, ƙirjinsa da gashi ja-ja, cikinsa baƙi da zobba masu haske. A duniya kaf ba a san shi a ko'ina ba sai gaɓar yammacin Turai, musamman gabashi da kudancin Ingila, Holan, Beljiyam, arewa maso yammacin Jamus, da gaɓar Faransa ta tekun Atilantika zuwa wajen iyakar Sifen. Ɗan siririn zare ne a taswira.

A nan sai mai sauraro ya ɗan ajiye abin da ya sani game da zuma. Mu in an ce ƙudan zuma, amya muke gani a kan kuka ko ɗorawa, da sarauniya, da ma'aikata dubbai, da saƙa mai ɗigar zuma. Amma jinsunan wannan dangi a duniya sun haura 20,000, kuma mafi yawansu ba su da amya, ba su da sarauniya, ba sa yin zumar da mutum zai ɗiba. Kowace mace ita ce uwa, ita ce magina, ita ce mai cefane. Ƙudan gishiri cikinsu yake.

Ga yadda shekararsa take. Wata goma ko fiye yana ƙarƙashin ƙasa. Daga tsakiyar Agusta, daidai lokacin da tauraruwar gishiri ta cika da fure, sai mazan su fara fitowa. Suna shawagi ƙasa-ƙasa a kan yashi suna jira. Da mace ta leƙo, sai su rufe ta, su dunƙule kamar ƙwallo suna birgima a ƙasa. Da an gama wannan, aikin namiji ya ƙare. Macen kuwa yanzu ta fara. Za ta nemi ƙasa mai yashi, mara ciyawa da yawa, wadda rana ke duka, a ɗan tudu kusa da fadamar: gefen jigawa, jikin jingar teku, ko tsibin yashin da wasu ma'aikata suka zubar suka manta. Ta haƙa rami. A cikin ramin ta yi 'yan ɗakuna. Ko da yake kowace da nata gida, suna son maƙwabtaka, sai ka tarar da ramuka ɗaruruwa ko dubbai a fili ɗaya, kamar unguwa.

Abin mamakin yana cikin ɗakin. Kafin ta zuba komai, takan fitar da wani ruwa daga jikinta, ta shafe bangon ɗakin da harshenta, wanda bakinsa a rabe yake biyu kamar ɗan burushi. Ruwan ya bushe ya zama wata siririyar fata mai sheƙi, kamar farar leda, wadda ruwa ba ya ratsawa. Masana da suka bincika sun tarar dangin roba ce ta gaske. Wato tun kafin ɗan Adam ya ƙera leda, wannan baiwar Allah tana ɗaure abincin 'ya'yanta a ciki. Sai ta tafi fadama ta kwaso garin fure a gashin ƙafafunta, ta haɗa da ruwan zaƙin furen, ta dama shi ruwa-ruwa kamar kunu, ta zuba a jakar. Ta saka ƙwai ɗaya a jikin bango sama da kunun, ta liƙe bakin jakar, ta wuce ɗaki na gaba. Saboda wannan leda, ko da babbar cikowar teku ta hunturu ta shanye wurin na ɗan lokaci, 'ya'yan sukan tsira.

Ita uwar ba za ta ga ɗanta ba. Makonni kaɗan take da su. Kafin ƙarshen Oktoba kusan duk manyan sun mutu. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta sha kununta a duhu, ta yi barcin hunturu, ta jira Agusta mai zuwa.

Shi kuma kunun, mafi yawansa garin furen tauraruwar gishiri ne. Macen takan taɓa wasu furanni na dangin idan ta rasa yadda za ta yi, amma wannan ita ce rumbunta. 'Yan'uwansa biyu ma haka suke, kowanne da furensa na ƙarshen shekara: ɗaya ya riƙe wata ciyawar tsaunuka, ɗayan ya riƙe wata mai yaɗo a jikin bango da itatuwa. Sun raba gado, kowa ya kama nasa. Ko shi ƙudan gishiri yana da nasa mai cin bulus: akwai wani ƙuda da ba ya haƙa rami, ba ya cefane, sai ya faki idon mai gida ya shiga ya saka ƙwansa, ɗansa ya cinye kunun. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma ku lura, shi ma ɓarawon a kan wannan furen yake rayuwa.

Saboda haka ƙudan gishiri yana buƙatar abu biyu a kusa da juna: laka mai fure da busasshen yashi. A ba shi ɗaya a hana shi ɗaya, an kashe shi. Kuma nan ne matsalar take.

Mutanen gaɓar Tekun Arewa suna da dalilin tsoron ruwa. A daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairun 1953, guguwa ta haɗu da babbar cikowa, teku ya fasa jinga, ya kashe mutane sama da 1,800 a Holan, da sama da 300 a gabashin Ingila. Bayan nan aka ɗaga jinga, aka ƙarfafa ta da dutse da siminti. Ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai daga 1901 zuwa 2018 tsayin ruwan teku a duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20, kuma yana ci gaba. A da, in teku ya matso, fadamar gishiri sai ta ja da baya, ta hau tudu sannu a hankali, tsirranta su bi ta. Yanzu bayanta bango ne. Gaba kura, baya sayaki. Ruwa yana cin ta ta gaba, jinga ta tare ta ta baya, tana ƙara sirancewa kowace shekara. A gundumar Essex ta Ingila, ɗaya daga cibiyoyin ƙudan gishiri, an ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fadamar ya ɓace tsakanin 1973 da 1998. Ɓangaren da ya fi saurin ɓacewa a idon ƙudan shi ne bakin sama, inda laka ke haɗuwa da yashi, domin daidai nan ake dasa bangon. A bakin kogin Thames kuma, tsoffin filayen masana'antu da aka yi watsi da su, waɗanda ƙudan ya mayar unguwarsa, su ne masu gine-gine ke fara kai wa hannu, tun da a takarda kango ne.

Sai dabbobi. Tumaki da shanu suna son ganyen tauraruwar gishiri ƙwarai, kuma makiyayin da ke kai garkensa Ingal lasar gishiri ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalili. A Faransa, naman ragon da ya yi kiwo a fadamar gishiri, kamar ta kewayen Mont-Saint-Michel, tsada gare shi. Amma inda tumaki suka yi yawa, fadamar takan koma kamar filin ƙwallo, kore shar, ba fure ko ɗaya. A gaɓar jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, bayan an mai da wurin gandun ƙasa a 1985 aka rage kiwon tumaki a manyan sassa, sai ga furen ya dawo. A wani gefen kuma, in aka hana kiwo kwata-kwata shekara da shekaru, wata doguwar ciyawa takan mamaye tudun fadamar ta danne kowa. Kiwo kaɗan-kaɗan ya fi ko wanne daga cikin biyun.

Maganin da Turawa suka fara gwadawa zai ba mai sauraro mamaki: fasa jingar da kakanninsu suka gina, da gangan. A tsibirin Wallasea na Essex, ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta karɓi ƙasa sama da tan miliyan 3 da aka haƙo lokacin gina hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Crossrail a Landan, aka kawo ta a jiragen ruwa, aka ɗaga tsoffin gonaki da ita, sannan a 2015 aka fasa bango ruwa ya shigo. Laka ta fara taruwa, tsirran gishiri suka biyo. Hujjar ba ta ƙwari da tsuntsaye ce kaɗai ba. Fadamar gishiri tana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso bango, don haka bangon da ke da fadama a gabansa ya fi daɗewa, ya fi arha.

Amma kada a ce abin ba ya da zafi. A lardin Zeeland na Holan akwai wani fili da ake kira Hedwige, kimanin hekta 300 na ƙasar noma mai kyau. A yarjejeniyar 2005 da yankin Flanders na Beljiyam, Holan ta amince za ta mayar wa teku da shi, a madadin ɓarnar da zurfafa hanyar jiragen ruwa zuwa tashar Antwerp ke yi wa kogin da ke gefen filin. Mutanen Zeeland suka ce ba su san zance ba. Waɗannan fa mutane ne da suka binne 'yan'uwansu a 1953, waɗanda tarihinsu duka na ƙwato ƙasa daga bakin ruwa ne. Aka yi shekara 17 ana ja, majalisa da kotu, sai a 2022 ruwa ya shiga. Ni dai ban ga laifin manomin da ya yi kuka ba. Tashar jiragen ruwa ce ta ci riba, shi aka ce ya biya. In za a yi irin wannan gyara, to a fara da biyan mai gona hakkinsa cikakke, kuma a faɗa masa gaskiyar wanda ya jawo.

Ita kuwa tauraruwar gishiri, ta fara samun masu so ta wata fuskar. A Zeeland an daɗe ana tsinkar ɗanyen ganyenta ana soyawa da man shanu a ci da kifi, yana zuwa da gishirinsa. Yanzu har noma ta ake yi ana kai wa gidajen abinci. Masu bincike kuma suna kallon ta da irinta saboda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2021 cewa ƙasar da gishiri ya taɓa a duniya ta haura hekta miliyan 833. Abu ne mai kyau. Sai dai mai noman ganye yana yanka ne tun kafin fure, domin ganyen da ya tsufa ba ya sayuwa. Gona cike da tauraruwar gishiri wadda ba ta taɓa fure ba, a wurin ƙudan gishiri daidai take da kwalta.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a yadda ake maganar ƙudan zuma a duniya yau. Tun 2018 ake bikin ranar ƙudan zuma ta duniya kowace 20 ga Mayu, kuma kusan duk hoton da za a nuna na amya ne da kwalbar zuma. Kamfani ya ɗora amya biyu a rufin ofishinsa ya ce ya ceci ƙudan zuma. Alhali ƙudan amya dabbar gida ce, kamar kaza. Yana da mai shi, mai ba shi sukari in ya ji yunwa, mai raba amya in ta cika. Ba za ka ce ka ceci tsuntsayen daji don ka ƙara kaji a akurki ba. Masu kiwon zuma a Holan sun daɗe da sanin furen nan yana ba da zuma a ƙarshen shekara, kuma suna da hakkinsu. Amma amya ɗaya tana ɗauke da ma'aikata dubban goma. A jera amya da yawa a bakin 'yar siririyar fadama, to daga kwanon wa ake ɗiba? A lissafin da ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta fitar kan ƙudajen Turai a 2014, an ƙirga jinsi 1,965, kuma fiye da rabinsu ba a da isasshen bayanin da za a ce suna ƙaruwa ne ko suna ƙarewa. Ƙudan gishiri ya yi sa'a an san shi, an sa shi cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari. Sauran ko sunansu ba a ji.

A ganina abin da zai taimake shi ba shi da tsada. A bar wa fadama wurin ja da baya inda hakan zai yiwu. In za a gyara jinga, kada a yi aikin a Satumba, kada kuma a lulluɓe kowane taku da siminti. A bar gefen da rana ke duka da yashinsa. A jinkirta yankan ciyawar jikin jingar har fure ya wuce. A rage tumaki a watannin furen. In an gina sabuwar fadama, a zuba tudun yashi kusa da ita. Masu kare ƙwari a Ingila sun riga sun fara yin irin waɗannan tuddai a bakin Thames.

Mu ma a nan muna da ƙudaje masu zaman kaɗaici, masu haƙa rami a gefen rafi, a tsohuwar katanga, a busasshen kara, kuma suna cikin masu yi wa kabewa da kuɓewa da sauran kayan lambu barbara. Don haka, malam manomi, in ka ga ƙananan ramuka a jere a gefen gonarka da ƙwari suna shiga suna fita da rawayan gari a ƙafa, ka ɗaga feshinka daga wurin, ka hana yara tona su.